Gajeren Zango ko Dogo: Saɓanin Masu Gudu a Kan Wanne Ya Fi Wuya, Wanne Ya Fi Daɗi

Duk wanda ya saba fitowa bayan sallar Asuba, tun hanya ba ta cika da motoci ba, tun masu shayi ba su gama hura wuta ba, lalle ya sha cin karo da waɗannan bayin Allah da suka ɗora wa kansu gudu ba tare da kowa ya koro su ba. In kuwa ya taɓa tsayawa kusa da su bayan sun gama, sa'ad da suka zube a bakin kwalbati suna kwance igiyar takalma, gorar ruwa guda tana zagayawa daga hannu zuwa hannu, to, da wuya ya bar wurin bai ji an tayar da wata tsohuwar gardama da ba ta taɓa mutuwa a tsakaninsu ba, watau: a cikin tseren da ake yi a kan titi, wane zango ne ya fi wuya, wanne ne kuma ya fi daɗi?

Ga wanda bai taɓa ɗaura takalmin gudu ba, wannan mas'ala ba ta bukatar a kai ta gaban mufti, domin zai yi ƙiyasi irin na kasuwa ya ce, yadda buhu ya fi tiya nauyi, haka kilomita 42 ta fi kilomita 5 wuya, shi ke nan an gama shari'a. Amma su ma'abota abin, waɗanda suka ɗanɗani kowane zango da ƙafafunsu da huhunsu, dariya suke yi wa wannan hukunci. Za ka ji dattijon da ya gama gudun fanfalaki fiye da sau goma yana cewa ya gwammace a ƙara masa wani da a tsayar da shi a layin tseren kilomita 5 a ce ya ba da iyakar ƙarfinsa, alhali saurayin da ke gefensa, wanda ke cinye kilomita 5 kafin shayi ya huce, da ya ji an ambaci dogon zango sai gabansa ya faɗi. Dukansu biyu gaskiya suke faɗa, gama jiki magayi ne, kuma abin da ya gaya wa wannan dabam yake da abin da ya gaya wa wancan.

Inda aka samo awon

Zangunan da aka fi yin tsere a kansu a titunan duniya huɗu ne: kilomita 5, da kilomita 10, da rabin maraton, watau kilomita 21 da mita 97 da rabi, sa'an nan maraton cikakke, kilomita 42 da mita 195, kusan kwatankwacin mutum ya taso daga Kano a guje bai tsaya ba sai Wudil. Wannan na ƙarshe shi Hausawa suka raɗa wa suna gudun yada-ƙanin-wani, sunan da ya fi na Turawa fasaha, domin nasu sunan wani gari ne kawai a ƙasar Girka, namu kuwa sharhi ne a kan abin da ke samun ƙaramin da ya nace sai ya bi yayyen da ba sa'o'insa ba. Riwayar da ake jingina tseren gare ta, ko da yake malaman tarihi ba su gamsu da isnadinta ba, ita ce wai a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salamu, wani manzo ya sheƙo daga fagen yaƙin Maraton zuwa birnin Atina da bisharar an ci nasara a kan rundunar Farisa, ya isar da saƙo, ya faɗi matacce. Da aka farfaɗo da wasannin Olamfik a Atina a 1896, sai aka shirya tsere na wajen kilomita 40 don tunawa da shi, wani Bagirke mai suna Spyridon Louis, wanda aka sani da sana'ar jigilar ruwa, ya lashe shi cikin sa'a 2 da minti 58 da sakan 50.

Ita kuwa wutsiyar nan ta kilomita 2 da mita 195, wadda masu gudu ke yi wa Allah ya isa har gobe, a Landan aka haife ta a 1908, lokacin da aka shata hanya daga fadar Windsor zuwa gaban rumfar sarauta a filin wasa na White City, awon ya kama mil 26 da yadi 385, wanda hukumar guje-guje ta duniya ta tabbatar a 1921 ya zama shi ne awo na dindindin. A wannan tsere na 1908 ne wani ɗan Italiya mai suna Dorando Pietri ya riga kowa shigowa filin, amma ya shigo ba ya cikin hayyacinsa: ya juya hannun da ba daidai ba, aka nuna masa hanya, ya faɗi, aka tashe shi, ya sake faɗuwa, har sau biyar, mita 350 da suka rage masa suka ɗauke shi wajen minti 10, daga ƙarshe alƙalai suka tallafe shi ya ƙetare layi. Amurkawa suka kai ƙara, aka soke nasararsa aka ba ɗan ƙasarsu Johnny Hayes, washegari Sarauniya Alexandra ta ba Pietri kofi don lallashi. Tun daga ranar nan dogon zango ya sami wani kwarjini da ya sa jama'a ke kallon duk tseren da bai kai shi ba tamkar wasan yara, kuma wannan kwarjini shi ne asalin zaluncin da ake yi wa gajeren zango in an zo hukunci.

Kilomita 5: wutar kara

Tseren kilomita 5 fuska biyu gare shi, kuma mafi yawan saɓanin da ake yi a kansa ya samo asali ne daga cewa kowane ɓangare fuska guda yake kallo. In niyyar mutum ya kai ƙarshe ne kawai, babu zangon da ya kai shi rangwame, domin mai lafiyar da ya yi wata biyu yana fita sau uku a mako zai gama shi, ko da ya haɗa da tafiya a tsakani. Wannan sauƙi ne ya sa a watan Oktoba na 2004, da wani mai suna Paul Sinton-Hewitt ya tara mutum 13 a lambun Bushy Park na Landan don su yi kilomita 5 ranar Asabar da safe, kyauta, abin ya yaɗu da sunan parkrun har ya kai ƙasashe fiye da 20, inda kaka da jika, da mai tura keken jariri, da mai murmurewa daga jinya suke tsayawa a sahu guda.

Amma da zarar niyya ta canja daga gamawa zuwa tsere, sai zangon ya juyo da ɗaya fuskar, wadda ba ta da fara'a ko kaɗan. Dalili kuwa shi ne, saboda gajartarsa, wajibi ne mai gudu ya riƙe kansa dab da iyakar abin da zuciya da huhu ke iya aikawa na iska zuwa tsoka, tun daga tashi har isowa, ba tare da wani wurin fakewa ba. Kilomita ta farko yaudara ce, domin jini na tafasa, jama'a na ihu, ƙafa kamar ba ta taɓa ƙasa. A ta biyu gaskiya ke fara leƙowa. A ta uku da ta huɗu kuwa ƙirji ya zama kamar an ɗura masa garwashi, wani ɗanɗanon ƙarfe ya cika baki, hannaye su yi nauyi, waswasi ya zo ya zauna a kunne yana ba da fatawar cewa babu laifi a sassauta kaɗan tun da ba wanda zai sani. Berihu Aregawi na Habasha ya gama wannan zango a titin Barcelona a ranar ƙarshe ta 2021 cikin minti 12 da sakan 49, watau kowace kilomita a minti 2 da sakan 34, saurin da galibin masu lafiya ba za su iya riƙewa ba ko da zagaye guda na filin ƙwallo. Hujjar mabiya mazhabar da ke cewa wannan zango ne ya fi wuya ita ce, mai maraton yana da sa'a guda cur ta hira da kallon gari kafin wuya ta same shi, su kuwa ko numfashin amsa sallama ba su da shi. Sai dai abokan gardamarsu kan mayar musu da cewa wutar kara ce, tana ci bal-bal ta mutu nan da nan, kuma wanda ya kwanta a ƙasa yana haki da ƙarfe bakwai, da ƙarfe tara yana rumfarsa a kasuwa yana ciniki.

Kilomita 10: mai fuskar salihai

In da za a yi ƙuri'a a ɓoye a kan zangon da ya fi cin amanar mutane, da na kilomita 10 ya sami kaso mai tsoka, domin ya yi tsawon da ba a iya afka masa da ƙarfin tuwo, bai kuma yi tsawon da za a ji tsoronsa a yi masa tanadi ba. Saurinsa bai gaza na kilomita 5 da wani abin kirki ba, amma zaman da ake yi a cikin wuta ya ninka.

Ni kaina mai wannan rubutu a nan na koyi darasina. Ran da na fara shiga irin wannan tsere, na tashi tare da samarin sahun gaba, ina wuce mutane ina jin kaina kamar ingarma ranar hawan Sallah, har a kilomita ta biyu na wuce wani dattijo mai furfura a gemu, yana tafe da ɗan gajeren taku kamar mai zuwa masallaci, na ce masa, “Sannu, Baba,” da irin muryar da ake yi wa wanda ake tausayi. A kilomita ta bakwai, sa'ad da ciwon haƙarƙari ya soke ni a dama, ƙafafuna suka zama kamar an ɗaura musu turmi, sai na ji wannan ɗan gajeren taku a bayana, bai ƙaru ba bai ragu ba. Da ya zo daidai kafaɗata, bai ko juyo ba ya ce, “Sannu, ɗana. Sauri ya haifi nawa.” Ban sake ganinsa ba sai a wurin gamawa, yana zaune yana ɓare lemo, ya miƙo mini rabi.

Duk da wannan hali nasa, shi ne zangon da ya fi dacewa da taron jama'a, domin yana da girman da mutum zai yi alfahari da shi, bai kuma kai ya kwantar da shi mako guda ba. A Addis Ababa, tun 2001, gwanin gudu Haile Gebrselassie da abokan aikinsa suka kafa babban gudun Habasha na kilomita 10, wanda galibi a watan Nuwamba dubun dubatar mutane ke fitowa cikin riga iri ɗaya, wasu na tsere, wasu na rawa da waƙa, a birnin da ya haura mita 2,300 a bisa teku, inda iskar kanta ta yi ƙaranci ga baƙo. A nan gida kuma akwai na Okpekpe a Jihar Edo, wanda aka fara a 2013, kilomita 10 ne shi ma, amma hawa da gangara sun sa wanda ya zo da lissafin shimfiɗaɗɗen titi yakan koma gida da sabon ilimi.

Rabin maraton: ɗan lelen jama'a

In akwai wurin da aka kusa samun ijma'i a cikin wannan babi, to, a kan rabin maraton ne, domin in ka tambayi masu gudu na sha'awa wanne suka fi jin daɗinsa a lokacin da suke cikinsa, galibinsu nan za su nuna. Hikimar kuwa a jiki take. Akwai wani mizani na sauri wanda, muddin mai gudu bai ƙetare shi ba, jiki na iya share tsamin da ke taruwa a tsoka gwargwadon yadda yake taruwa, kuma horarren mutum na iya zama a bakin wannan iyaka wajen sa'a guda. Mai kilomita 5 yana can ƙetaren iyakar tun daga farko, shi ya sa yake ƙuna; mai rabin maraton kuwa yana ɗan ƙasa da ita, inda numfashi ke tafiya da taku kamar kiɗa da amshi, mutum yana jin yana aiki tuƙuru amma ragamar na hannunsa. Wuyarsa takan zo ne daga wajen kilomita ta 16, kuma kafin ta yi ƙamari an hango ƙarshe.

Har ila yau, shirinsa ba ya cin gida. Mai iyali da sana'a zai iya yi masa tanadi cikin wata uku ba tare da ya zama baƙo a gidansa ba, kuma bayan kwana biyu ko uku da tseren ya koma harkokinsa. Shi ya sa tseren rabin maraton da wani mai suna Brendan Foster ya kafa a arewacin Ingila a 1981, daga Newcastle a ƙetare gadar kogin Tyne zuwa bakin teku a South Shields, ya zama ɗaya daga cikin tarukan gudu mafi girma a duniya. Aibinsa guda ne, shi ne sunansa. Mutum ya yi kilomita 21, ya dawo gida da lambar yabo a wuya, maƙwabci ya tambaye shi abin da ya yi, ya ce rabin maraton, sai maƙwabcin ya ce, “To, Allah ya sa baɗi ka iya gamawa.”

Maraton: inda lissafi ke karyewa

A 1977 wani injiniya Ba'amurke mai suna Pete Riegel ya fitar da wata ƙa'idar hisabi don ƙiyasta lokacin mutum a wani zango daga lokacinsa a wani, wadda taƙaitonta shi ne, duk sa'ad da aka ninka nisa, lokaci yakan ninka har da ɗoriyar kusan kashi 8 cikin 100 na asalinsa. Bisa wannan ƙa'ida, wanda ke gama kilomita 5 a minti 25 zai gama kilomita 10 a wajen minti 52, rabin maraton a sa'a 1 da minti 55, maraton kuma a sa'a 4. A wurin gwanaye ma tazarar ba ta da yawa: Jacob Kiplimo na Yuganda ya yi rabin maraton a Lisbon a 2021 cikin minti 57 da sakan 31, watau minti 2 da sakan 44 a kowace kilomita, marigayi Kelvin Kiptum na Kenya kuma ya yi maraton a Chicago a 2023 cikin sa'a 2 da sakan 35, watau minti 2 da sakan 51, wanda ke nuna sakan 17 kacal ne a kowace kilomita tsakanin saurinsa da na Aregawi, alhali nisansa ya ninka fiye da sau takwas. Amma ga mai gudu na sha'awa, ƙa'idar takan riƙe alkawari har zuwa rabin maraton, sa'an nan ta saɓa, har ba abin mamaki ba ne wanda takarda ta yi wa alkawarin sa'a 4 ya ƙara rabin sa'a a kai.

Sababin haka shi ne makamashin jiki iri biyu ne. Akwai sukarin ajiya da ke cikin hanta da tsoka, wanda ke kamawa da wuri kamar karan dawa, amma gaba ɗayansa bai wuce wajen kalori 2,000 ba. Akwai kuma kitse, wanda ko siririn mutum yana da isasshe, sai dai kamar gungumen kirya yake, yana ci a hankali, ba ya ba da harshen wuta. Gudu kuwa yana cin kusan kalori guda a kowane kilo na nauyin mutum a kowace kilomita, saboda haka mai kilo 65 yana bukatar wajen 2,700 kafin ya kai ƙarshe. Gwargwadon saurin mutum, gwargwadon yadda yake jan kara ya bar gungume. Wanda ya yi almubazzaranci da karansa a farkon hanya, a tsakanin kilomita ta 30 da ta 35 zai tarar rumbu wayam. Wannan wuri shi masu gudu ke kira katanga. Wanda ya ci karo da ita ba haki yake yi ba, yana ma iya magana, amma ƙafafu sun daina karɓar umarni, sharaɓa na ɗaurewa, lissafin da yaro ɗan aji biyu zai yi ya gagare shi, alamar kilomita ta gaba kuma kamar wani ke janye ta. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa tsakiyar maraton a kilomita ta 32 take, gama goman da suka rage sun kai nauyin duk abin da ya gabace su. Kuma shi ya sa ake shan ruwan sukari da ɗan gishiri a hanya tun kafin a ji bukata, ba tare da an wuce kima ba, domin yawan ɗurar ruwa zalla yana tsinka gishirin jini, haɗarinsa kuwa bai gaza na ƙishirwa ba.

Wuyar maraton ba ta tsaya ga ranarsa ba, tana da muƙaddima tana da ta'aliki. Muƙaddimar ita ce mako 16 zuwa 20 na horo, da doguwar fita ta kilomita 30 ko fiye a ƙarshen wasu makonni, tun da ba a fafa gora ranar tafiya. A cikin waɗannan watanni uwargida da yara su ma suna biyan nasu kason na haƙuri. Ta'alikin kuwa shi ne farcen ƙafa da ke baƙi ya fita, da saɓulewar fata a duk inda riga ta goga, da saukowa daga bene da baya saboda cinyoyi sun ƙi lanƙwasuwa. Musulmin da ya taɓa yi ya san babu inda hisabin ke fitowa fili kamar sallar Asuba ta washegari, inda ruku'u ke zama aiki, tasowa daga zaman tahiya kuma sai an dafa ƙasa da hannu biyu kamar tsoho ɗan tamanin.

Abin da awo ba ya faɗa

Sa'an nan akwai sharuɗɗan da ke rushe kowane ƙiyasi, mafi girmansu kuwa zafi. Dogon gudu ya fi son sanyin wajen digiri 10, abin da ƙasashenmu ba su cika samu ba. A gasar guje-guje ta duniya ta Doha a 2019, duk da cewa da tsakar dare aka tashi maraton na mata don gudun rana, cikin 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba, kuma dukansu gwanaye ne da ƙasashensu suka zaɓo. Maraton na Legas, wanda aka fara a 2016 kuma ake yi a watan Fabrairu, ya shahara da ratsa gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, inda babu inuwa, babu 'yan kallo masu tafi, sai ruwa dama da hagu da iska mai ɗumi da laima. Shi ya sa 'yan Kenya da Habasha da ke lashe shi kan gama da jinkirin mintoci da dama a kan abin da ake yi a maraton na Berlin, 'yan gudunmu kuwa da suka fi taɓukawa galibi daga tsaunukan Filato suke fitowa. Kilomita 10 a rana tsaka a watan Afrilu a Sakkwato tana iya fin rabin maraton da sanyin hunturu wuya, balle a ce mutum yana ɗauke da azumi.

Abin mamaki kuma, in aka wuce maraton zuwa abin da ya fi shi nisa, sai wuyar ta sake kama. A Afirka ta Kudu akwai tseren Comrades, kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wanda wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya kafa a 1921 don tunawa da abokansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, inda mutum 34 suka tashi a karon farko, 16 suka isa. A can ba abin kunya ba ne a taka da ƙafa a kan tudu, ana ci ana sha a hanya, ana jiran juna, har da yawa daga masu yinsa kan ce ya fi maraton sauƙi a ƙirji ko da ya fi shi cin ƙafa. Amma yana da wa'adi na sa'a 12, kuma idan lokacin ya cika, wani jami'i yakan tsaya a bakin layi ya juya wa masu zuwa baya, don kada tausayi ya karya masa zuciya, ya harba bindiga, a tare ƙofa. Wanda ya rage masa taku uku, bayan ya yini yana gudu tun kafin fitowar rana, ba shi da lamba, ba shi da suna a cikin waɗanda suka gama. Da yawansu kuwa baɗi suna nan a layin tashi.

Haƙuri kashi uku

Malamanmu sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan aikata abin da aka umarta, da haƙuri ga barin abin da rai ke so, da haƙuri bisa musiba in ta sauka. Ba don a daidaita wasa da al'amarin addini ba, sai don aron ma'auni daga masu shi, ina ganin wannan rabo ya fi agogo da tsinken awo warware gardamar bakin kwalbati. Gajeren zango yana neman kashi na farko, watau ka dawwama a kan aiki mai zafi alhali kana da ikon sassautawa. Rabin farko na maraton yana neman na biyu, domin a lokacin jiki cike yake da ƙarfi, mutane na wuce ka, rai na cewa bi su, kai kuwa wajibinka ka kame. Ƙarshensa kuma yana neman na uku, sa'ad da abin da kake tsoro ya riga ya auku, babu dabarar da ta rage sai ɗaga ƙafa da ajiye ta. Tun da yake Allah bai raba wa bayinsa waɗannan kaso daidai ba, kowa yakan kira zangon da ke neman irin haƙurin da ya ƙaranta gare shi da sunan mafi wuya. Mai zafin nama yana raina kilomita 5 yana tsoron maraton, mai sanyin hali kuwa akasin haka.

Daɗin ma haka yake, lokacin biyansa ne ya bambanta. Na kilomita 5 lakadan ne, ana gamawa ana karɓa, kafin azahar an kashe shi. Na rabin maraton a cikin tafiyar ake shansa. Na maraton kuwa irin na manomi ne, sai kaka: a bakin layi za ka ji mutum yana rantsuwa ba zai ƙara ba har abada, bayan mako biyu ka same shi yana tambayar ranar da za a buɗe rajistar na gaba, rantsuwar da in da ana bin su kaffararta, da masu maraton sun ƙare rayuwarsu cikin azumi.

Saboda haka gardamar ba za ta mutu ba, kuma masu yin ta ma ba su son ta mutu. Rana takan ɗago ta same su a bakin kwalbatin nan, dattijo bai janye ba, saurayi bai sallama ba, gorar ruwa ta ƙare, mai zuwa ofis ya duba agogo ya miƙe yana ɗingishi. Sai an fara watsewa wani zai waiwayo ya ce, “Gobe ƙarfe nawa?” A amsa masa da cewa, “Ana sallame Asuba, in Allah ya kai mu.” A kan wannan mas'ala guda, ban taɓa jin an yi saɓani ba.